Tankin lita 2,000 da indararon da aka kafa mini a Ɗorayi: abin da na gani bayan damina uku

A gidan kakata da ke Gwale, wadda muke kira Goggo, da zarar hadari ya haɗo daga gabas iska ta fara kaɗa ƙyauren zaure, za ka ji muryarta daga ɗaki: "Ku fito da mazubai!" Bokiti, baho, tukunyar tuwo, har kwanon sha, duk sai mun jera su a gindin indararo. Amma ba ta taɓa yarda a tari wanda ya fara zubowa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a ka tana kallon launinsa, ta ce, "Ku bari tukuna, wannan wankan soro ne." Sai ya washe take ba da izini a tura randa. A lokacin gani nake yi fitinar tsofaffi ce kawai. Sai da na kashe kuɗina, na ɓata damina guda, sannan na gane abin da take kallo.

Mun tare a Ɗorayi a 2019. Layinmu sabo ne, ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa bai iso ƙarshensa ba, ba mu kuma da rijiyar burtsatse, don haka 'yan garuwa ne famfonmu. A bayan kicin akwai ɗan fili da bai wuce taku biyar a kan taku shida ba, shi na mayar lambu: zogale shida, gwanda biyu, lemun tsami ɗaya, sai alayyahu da yakuwa a ƙasa, kuɓewa da attaruhu a buhunan siminti, na'a-na'a a cikin tsohuwar tayar mota. Lambun nan kan sha jarka uku a rana idan zafi ya yi zafi, jarka ɗaya kuwa lita 25 ce. Abban yara ya daɗe yana yi mini tsiya, wai alayyahuna ya fi na kasuwar Yankaba tsada nesa ba kusa ba, kuma in aka bi lissafi da gaskiyarsa. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne in ga ruwa yana kwarara daga rufinmu a watan Agusta, ya cika tsakar gida, ya bi ta rariya ya fita lambatu, bayan kwana huɗu kuma in leƙa waje ina neman mai kura.

A tsakiyar Mayun 2023 na karɓi adashina, na ce tanki zan saya. Na tafi da babban ɗana, muka zaga shagunan kayan famfo na France Road a Sabon Gari, muka leƙa Ƙofar Ruwa, muka dawo inda muka fara. Ba zan faɗi sunan shagon ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin da ya yi tankin ba, don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu. Baƙin tankin roba ne mai cin lita 2,000, irin wanda kuke gani a saman gidaje ko'ina a garin nan. Allah ya taimake ni na saya a lokacin, domin bayan mako biyu, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai, farashin komai ya tashi kamar an hura masa wuta. Saboda haka ba amfanin in faɗa muku abin da na biya, ba za ku same shi haka ba. Abin da zai amfane ku ku sani shi ne, kuɗin indararo da bututu da dakali da ladan aiki sun kai fiye da rabin kuɗin tankin kansa, ni kuwa ban sa su a lissafi ba sam.

Yaron shagon akwai daɗin baki. Ya bubbuga tankin da tafin hannu ya ce, "Hajiya, wannan in ya cika, ke da 'yan garuwa sai wata daminar." Ku riƙe wannan magana, zan dawo kanta. Abu ɗaya da ya faɗa mini na gaskiya shi ne in ɗauki baƙi in bar fari. Farin duro da rana ke ratsawa ba ya daɗewa yake yin gansakuka, domin ita da haske take rayuwa. Na ga hakan da idona a gidan ƙawata, ruwan duronta ya koma kore kamar na kududdufi. Nawa kuwa damina uku ke nan, cikinsa bai taɓa yin kore ba. Robar ma ba laifi, rana ta dake ta bazara biyu ba ta tsage ba, launin dai ya ɗan koɗe ta ɓangaren yamma. Murfin ne abin haushi: zarensa bai zauna daidai ba tun yana sabo, in ka murɗa sai ya karkace, ya bar ƙofa da ɗan yatsa zai shiga. Kan famfon da suka haɗa mini da shi kuma na roba ne mai araha, wata biyar ya yi ya fara ɗiga. Araha ba ta ado.

Kafin in manta, ku auna ƙofar gidanku kafin ku biya kuɗi. A-kori-kura ta kawo tankin har ƙofar gida, aka juya shi ta nan aka juya ta can, ya ƙi shiga zaure. Sai da aka tara samarin layi shida da igiya aka haura da shi ta katanga, yaran unguwa sun cika waje suna ihu kamar ana hawan sallah.

Mai shagon ne ya haɗa ni da wanda zai kafa. Saurayi ne mai saurin hannu, ya zo da yaransa biyu da safe, kafin la'asar har sun gama sun karɓi kuɗi. Na yi murna da saurin, ashe shi ne matsalar. Indararon roba ya sa a bakin rufin ɗakunan baya, tsawon mita 11, ya riƙe shi da ƙarafa biyar kacal. Tankin kuma ya ɗora shi a kan bulo takwas da ya jera da tazara a tsakaninsu, ko siminti bai sa ba. Na ce masa, "Malam, anya bulon nan zai ɗauka?" Ya ce, "Haba Hajiya, a haka muke yi ko'ina." Bututun ya zuro shi kai tsaye daga indararo zuwa bakin tanki, ba raga, ba komai, ba kuma inda ruwa zai fita idan tankin ya cika.

Ruwan farko na shekarar ya zo da iska da ƙura kamar yadda ya saba. Da safe na ɗebo a farin bokiti, sai na ga abu kamar kunun kanwa. Duk ƙurar hunturu da ta kwanta a kan kwanon tun Nuwamba, da busassun ganyen darbejiyar ƙofar gida, da kashin tantabarun maƙwabcinmu da ke yini a kan rufin, da wani mushen ƙadangare, duk sun tattaru a cikin sabon tankina. Bayan kwana uku ya fara wari. Shuka ba ta damu da wannan ba, amma ni da ke shiga wajen kullum na damu, ga shi laka ta toshe kan famfon, sai da na riƙa zura tsinken tsintsiya.

Wannan duk wasa ne a kan abin da Agusta ta zo da shi. Wata rana da daddare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararon ya cika, ya lanƙwashe a tsakiya inda babu abin riƙo, ruwan ya riƙa zubowa daga nan kai tsaye a kan tagar ɗakin yara. Wanda ya samu ya isa tanki kuma ya cika shi, ya ɓulɓulo ta karkataccen murfin nan, ya gangara ta jikinsa ya taru a gindin katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta. Kwana biyu bayan haka matar gidan ta shigo da sallamarta, muka gaisa, ta tambayi yara, ta sha ruwa, sannan ta ce, "Maman yara, dama cewa na yi ko za ki zo ki ga bangon ɗakina." Na bi ta. Danshi ya hau bangon har gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu muka biya kuɗin gyaran, kuma har yau in hadari ya haɗo sai na tuna fuskarta. Na kira mai aikin sau huɗu, sau biyu ya ce yana hanya, daga baya ya daina ɗauka. Mai shagon ya ce shi tanki ya sayar mini, ba aiki ba.

Da na duba gindin tankin bayan wannan ruwan, sai na ga robar ta lotsa ta shiga tsakanin bulullukan, biyu daga cikinsu kuma sun nutse a ƙasa, tankin ya ɗan sunkuya. Ɗana, wanda yake aji biyu na babbar sakandare a lokacin, shi ya tuna mini abin da ni malamar firamare na sani na manta: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wato tan biyu muka ɗora a kan bulo takwas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, a wajen da autata ke wasan 'yar tsana. Ranar na buɗe famfon na zubar da rabin ruwan da hannuna.

Sai kuma sauro. A ƙarshen Agusta yara biyu suka kwanta zazzaɓi a mako ɗaya. Ba zan rantse cewa daga tankina ne ba, Kano ce a damina, sauro ba sai an gayyace shi ba. Amma da na haska fitilar waya a ciki, saman ruwan cike yake da 'ya'yan sauro suna mutsu-mutsu. A irin zafinmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba, kuma 'yar ƙofar da murfin ya bari ta ishe shi. Abban yara bai ce komai ba, ya dai dube ni ya dubi tankin, wanda ya fi magana ciwo.

Wanda ya gyara mini aikin wani dattijo ne mai gyaran famfo, mijin maƙwabciyar tawa ne ma ya kawo shi, ina jin don ya ceci bangonsa. Ya zo a watan Afrilun 2024 a kan tsohon kekensa, da jakar buhu a bayansa. Ya fi rabin awa yana zagaya wajen bai taɓa komai ba. Ya sa yaro ya hau tsani ya zuba ruwa buta ɗaya a ƙarshen indararon, muka tsaya muna kallo, ruwan ya tafi tsakiya ya kwanta abinsa. Ya ce, "'Yata, kin gani? Ruwa ba ya hawa tudu don an biya kuɗi." Na ce, "Baba, ni dai a gyara." Ya ce a'a, sai na fahimci abin da za a yi, don shi ba kullum zai zo ba.

Kwana huɗu ya yi, ga abin da ya yi a ciki. Ya sauke indararon gaba ɗaya, ya ɗaure zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na magina, ya ba shi 'yar gangara zuwa wajen tanki, kaɗan ce ƙwarai, ido ba ya ma ganinta sai an faɗa maka. Ƙarafan riƙo daga biyar suka koma goma sha tara, kusan kowane kamu ɗaya da ɗan ɗori akwai guda. Ya sa aka kira birkila ya gina dakali na gaske, an cike cikinsa an daddaɓe an shafe samansa sumul, faɗinsa ya fi gindin tankin, tsayinsa kuma ya kai a zura jarka a ƙarƙashin famfo ba tare da an karkata ta ba. Wannan tsayin ƙaramin abu ne a ido, amma duk wadda ta taɓa durƙusawa tana tarar ruwa da kofi daga famfon da ke dab da ƙasa ta san darajarsa. Ya huda tankin a sama ya sa bututun fitar da rara mai faɗi daidai da na shigowa, ya ja shi har gindin gwanda da lemun tsami, abin da ya wuce nan ya bi kwata ya fita waje, nesa da katanga. Bakin shiga da bakin fita duk ya ɗaure su da ragar sauro ninki biyu, murfin kuma ya yanko robar tsohon tayar keke ya zagaye shi da ita ya zauna daram. Kan famfon roba ya cire ya sa na tagulla.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani bututu da ya tsayar a jikin bango kafin a kai ga tanki. Mai inci huɗu ne, tsawonsa mita uku, ƙasansa a toshe da murfi mai zare. Ruwan da ya fara saukowa daga rufi cikinsa yake faɗawa, sai ya cika sannan na baya ya wuce ta samansa ya shiga tanki. Yana cin kusan jarka guda. Bayan kowane ruwa sai in kwance murfin ƙasan, baƙin ruwa da yashi da ganye su zubo, in mayar. Ina ganinsa na ce, "Baba, ai wannan wankan soro ne!" Ya yi dariya har da tari, ya tambaye ni 'yar wace unguwa ce. Ya kuma gargaɗe ni cewa jarka guda ba za ta wanke ƙurar wata bakwai ba, don haka ruwan farko da na biyu na shekara in bar murfin ƙasan a buɗe gaba ɗaya su tafi abinsu, daga na uku in fara tara. Haka nake yi, kuma ruwan da nake samu yanzu garau yake, in ka zuba a farin bokiti kana ganin gindinsa.

Dattijon nan yana da nasa halin. Ba ya zuwa da wuri, in ya ce ƙarfe tara to ka sa ran sha ɗaya, ba ya kuma ragi ko na sisi, in ka yi ciniki ma sai ya fara naɗe jakarsa. Ya aiki ɗana kasuwa sau uku a rana ɗaya don ba ya rubuta abin da yake buƙata. Amma damina biyu ke nan ban sake kiran kowa ba.

Lissafin da ya kamata in yi tun kafin in je kasuwa, sai daga baya ɗana ya yi mini shi a bayan littafinsa. Ɓangaren rufin da ke zuba a indararon mita 11 ne a kan mita 6, wato murabba'in mita 66. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya yake bayarwa. Ya kafa wani gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a tsakar gida, bayan kowane ruwa ya zura rula ya auna. Ranar da aka yi milimita 20, rufin nan ya zubo da lita 1,320, ban da ɗan abin da ya fantsale da wanda bututun wanki ya ci. Milimita 30 ta kusa cika tankin daga empty ɗinsa, in ji shi da turancinsa na 'yan makaranta, wato daga ƙaf har baki, kuma irin wannan ruwan a Agusta ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya. Ma'ana, a tsakiyar damina ruwan da ke fita ta bututun rara ya ninka wanda nake riƙewa sau da yawa. Matsalarmu a Kano ba ƙarancin abin da ke sauka a rufi ba ne, wajen ajiyewa ne, da kuma tsawon rani.

To mu koma ga maganar yaron shago. Lita 2,000 jarka 80 ce. In lambuna na shan uku a rana, kwana 26 ke nan da 'yan kai. In na matse na koma biyu, ina ban ruwa da yamma kawai, na rufe gindin shuka da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye don kada rana ta shanye, sai ya kai kwana 40. Ruwan ƙarshe yakan sauka a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, wani kuma ba zai dawo da ƙarfi ba sai Yuni. Ku ƙirga watannin da kanku. Duk wanda ya ce muku tanki ɗaya zai raba ku da 'yan garuwa har wata damina, ko dai bai taɓa ban ruwa ba, ko kuma tankin yake son sayarwa. Don in ratsa rani da lambun nan sai na jera irinsa bakwai ko takwas, in kuwa na jera su babu sauran wajen shuka.

Amfaninsa na gaskiya a wani wajen yake, kuma ban hango shi ba sai da na zauna da shi. Na farko, tsakanin ruwa da ruwa. A Yuni da farkon Yuli sau da yawa akan yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya yi shuka, sai sama ta ɗauke kwana goma ko fiye, rana ta buɗe, ƙananan tsiro su kwanta. A da a irin wannan lokacin nake asarar irin kuɓewa da attaruhu. Yanzu ko a jikina. Na biyu, daga Yuni zuwa Oktoba wanki da wanke-wanke da share tsakar gida da banɗaki duk daga tankin ne, sai ya zama ruwan sha da girki kawai muke saya. A nan ne kuɗin ya dawo, ba a lambu ba, kuma a nan ne Abban yara ya daina tsiya ya fara cewa "tankinmu". Ruwan sama kuma ba ya cin sabulu, kumfa yake yi da ɗan kaɗan, ba kamar na wasu rijiyoyin burtsatse da ke barin farin gishiri a bakin buhun shuka da jikin bokiti ba. Na'a-na'a da lemun tsami sun fi kowa nuna bambancin, ganyensu har wani sheƙi yake yi. Na uku, yana ja mini damina har tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da sanyi ya fara shigowa, latas da tumatir suke son a dasa su. Tsakar gidan ma ta daina zama tafki.

Ba ma shansa. Na san a gidan Goggo mun sha, mun kuma rayu, amma ni na ga abin da tantabaru ke yi a kan kwanon nan. Ranar da dole ta sa, sai an tafasa. Wajen ban ruwa ma a gindin shuka nake zubawa, ba a kan ganyen da za a ci ɗanye ba.

Akwai wahalarsa, kada in ɓoye. Ƙarfin ruwan ba shi da yawa tunda dakalin bai kai ƙugu ba, in na sa tiyo sai ya riƙa zuwa kamar mai jin barci, musamman in tankin ya yi rabi, don haka har yanzu da bokiti da gwangwani mai huji nake ban ruwa. Ragar bakin shiga tana toshewa da furen darbejiya, in ban duba ba kafin hadari sai ruwan ya bi ta gefe. Rana kuma tana cinye ragar, duk shekara sai na canza. A watan Afrilu sai an kwantar da tankin an shiga an wanke lakar da ta kwanta a gindi, aikin da ɗana ya tsana, kuma ba na bari ya shiga sai da wani a tsaye a bakin, da sassafe kafin robar ta ɗau zafi. Da rana tsaka a bazara ruwan da ke cikin baƙin tanki yakan yi ɗumi sosai, ba na zuba wa shuka shi sai ya huce a baho. Na yi masa rumfar zana a bara, ta rage.

In da yau zan sake, zan fara neman mai aikin kafin in nemi tankin, in kuma tambaye shi abu uku tun a tsaye: ina ruwan farko zai tafi, ina rara za ta fita, me tankin zai zauna a kai. In ya ce "a haka muke yi ko'ina", in yi masa godiya in raka shi ƙofa. Tankin kansa na ba shi yabo, ban da murfi da kan famfo. Wanda ke gidan haya ko mai 'yan buhuna huɗu a tsakar gida, ba sai ya kai ga wannan ba, duro biyu masu lita 200 da murfi da raga sun ishe shi, in zai tashi ya ɗauki abinsa. Mai fili da iyali kuwa, in kuɗinsa ya kai, biyu masu lita 1,000 da aka haɗa da bututu a ƙasa sun fi ɗaya babba sauƙin sha'ani: sun fi sauƙin shiga ƙofa, ana iya wanke ɗaya ɗaya na da ruwa.

Bana ranar 14 ga Nuwamba ruwan tankin ya ƙare. Na buɗe famfon ya yi tari sau biyu ya tsaya, na ƙwanƙwasa jikin tankin ya amsa kamar ganga. Washegari da safe na leƙa waje na ɗaga wa mai kurar da ya saba kawo mana hannu. Ya jingine kurar a bakin ƙofa, ya goge fuska da hularsa, ya leƙa ta zaure yana kallon tankin, ya ce, "Hajiya, an dawo ke nan?" Na ce masa ya sauke shida, biyu na lambu ne.